Birkin Dattijuwa

Har yau idan na wuce garejin bakanike warin man birki ya bugi hancina, wannan wari mai ɗan kaifi kamar na maganin da aka manta a kwalba, sai in tsinci kaina kwance a kan buhu a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, a ƙofar gidanmu da ke Kwarbai cikin birnin Zariya. Ranar Asabar ce da hantsi, cikin bazara, ina aji huɗu na firamare, shekarata tara. Rimin unguwarmu ya fashe, audugarsa tana yawo a iska tana sauka a kan katanga da kan awaki da kan duk wanda ya tsaya. A gefena kakana ne, wanda muke kira Baba Tsoho, kwance rigingine da sifana a hannu, yana ɗaga murya yana ce wa abokinsa da ke zaune a kujerar direba, "Taka, Ishaya! Taka! Riƙe!" Ni kuwa an damƙa mini kwalba mai ɗan siririn tiyo a ciki, an ce in zuba mata ido kada in ƙifta.

Sunan motar Dattijuwa. Babbar mota ce mai dogon hanci da bodin katako, irin waɗanda yanzu sai a hoto. A da koriya ce, amma rana ta sha launin har ya koma kamar na busasshen ganyen kuka, kuma a bayanta akwai zanen dawisu wanda rabin jelarsa ya ɓare. Da ita Baba Tsoho ya yi ƙuruciyarsa yana jigilar gyaɗa da auduga da rake, da ita ya yi aure, da ita ya ciyar da Babanmu da 'yan'uwansa. Da bayansa ya fara ciwo sai ya ba wani direba ita. Shi kuwa direban yana da wata dabara da direbobin tasha da yawa suke yi a lokacin: idan man birki ya ƙare a hanya, sai a kaɗa garin sabulu da ruwa a zuba a madadinsa. Birki yakan kama na ɗan lokaci, mutum ya yi ta murna da wayonsa, ruwan kuwa yana can ciki yana cin ƙarfe. Wata rana ya dawo da motar da ƙyar, ya ce birki yana nutsewa har ƙasa, ya ajiye mabuɗi ya tafi. Tun ina goye ake wannan magana. Aka sa wa tayoyinta waigi na itacen gawo, ta zauna a ƙofar gida ta zama ɗaya daga cikin mutanen gidan.

Mu yara ba mu taɓa ganin ta a matsayin abin da ke tafiya ba. A cikin bodinta muke wasan ɓuya da dafa tuwon ƙasa a gwangwanin madara, a inuwarta muke carafke da 'yar gala-gala idan an taso daga makarantar allo. Kakata Iya tana shanya kuɓewa da tattasai a kan hancinta don awaki ba sa kaiwa can, kazarta mai wake-wake kuma ba ta yarda ta yi ƙwai ko'ina sai a ƙarƙashin kujerar direba. Abu ɗaya ne kawai yake tuna mana cewa mota ce. Kowace Juma'a da safe Baba Tsoho yakan fito da tsumma da bokiti, ya goge gilashin, ya hau ya tayar da injin. Sai ta yi tari sau biyu ko uku, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama wani irin gurnani mai daɗi da ake ji har cikin ƙirji. Yakan bar ta ta yi ɗumi, ya kashe, ya sauko yana shafa ƙofar. "Zuciyarta lafiya lau," yakan ce. "Tsayawa ce kawai ta manta."

A wannan bazarar Babanmu ya ce sai an gyara katangar da motar ta jingina da ita kafin ruwa ya sauka, domin ta tsage tun daga sama har ƙasa, kuma magina ba za su iya aiki ba sai an kawar da motar. Wata yamma ya zo da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su biyu. Suka kewaye Dattijuwa suna ƙwanƙwasa ta da guntun ƙarfe, suna leƙa cikinta kamar masu taya saniya a kasuwa, ɗaya yana nuna wa ɗaya inda za a fara yankawa. Baba Tsoho yana zaune a kan dakali yana jin su. Bayan sun tafi ya kira Babanmu, ya ce a ba shi mako biyu. Idan ta tsaya da ƙafarta, sai a kwashe takin gidan nan a cikinta a kai gonarmu ta ƙauye, ta zauna can wurin Kawu Habu tana aikin gona. Idan ba ta tsaya ba, su zo su yanka. Babanmu mutum ne mai taushin zuciya, amma lungunmu gangare ne, kuma a ƙarshen gangaren akwai kududdufi inda yaran unguwa suke wuni. Ya ce ya yarda, da sharaɗin ba za ta sauka wannan gangare ba sai ya ga ta tsaya da idonsa.

Washegari Malam Ishaya ya iso a kan kekensa daga Wusasa. Tsohon direban motar asibiti ne, dogo, mai furfura da hular sanyi ko da ana zafi. Sun san juna da Baba Tsoho tun suna samari a layin shan mai, kuma ban taɓa ganin sun gaisa ba tare da tsiya ba. Shi yana kiran kakana "Direban Kaji" saboda kazar Iya, kakana yana kiransa "Mai Jiniya". Ya zo da robobin birki sababbi a ƙunshe cikin jarida, da gwangwanaye uku na man birki. Iya ta aiko musu da kunun tsamiya, suka sha, suka naɗe hannun riga.

Kwana goma suna wannan aiki, ni kuwa da an tashi daga makaranta ko cire yunifom ba na yi sai na tsaya a kansu. Sun ɗaga motar da jak, suka tokare ta da kututture, suka cire tayoyin ɗaya bayan ɗaya. A bayan kowace taya akwai wata gangar ƙarfe, da aka buɗe ta farko sai ga gidan zanzaro da jar tsatsa tana zubowa kamar garin barkono. Baba Tsoho ya aro babban farantin Iya, duk notin da ya kwance sai ya ajiye shi a jere daga hagu zuwa dama, kuma ba wanda ya isa ya taɓa. Ya wanke ƙarafan da kananzir, ya naɗe sanfefa a yatsa yana goge cikin 'yan bututun da ruwan sabulu ya ci, yana gogewa yana shafawa da ɗan yatsansa, fuskarsa a sama kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Idan ana bukatar karanta lambar da ke jikin roba ko rubutun jikin gwangwani, ni yake miƙa wa. "Amarya, zo ki karanta mana, ku ne 'yan boko." Haka yake kirana, Amarya, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na auren tsoho mai warin giris.

A gidanmu an san ni da sakin baki. Idan aka aike ni ɗebo ruwa sai a same ni a bakin rijiya ina kallon yadda sama take rawa a cikin guga. Idan aka ba ni tsintar shinkafa sai kaji su cinye rabi ina bin tururuwa da ido. Mahaifiyata ta gaji da faɗa, malaminmu na lissafi kuma ya sa mini suna "Safiya mai kallon taga". Don haka ranar da aka gama ɗaura komai aka zo cire iska daga bututun birki, Baba Tsoho ya ce ni yake so a kusa da shi, sai da kowa ya yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce aikin na mutum uku ne. Malam Ishaya zai taka birki ya riƙe, shi zai kwance wani ɗan noti a bayan taya mai ya fito ta tiyo ya zuba a kwalba, na ukun kuma zai kalli kwalbar. Muddin akwai kumfa a cikin man, akwai iska a bututu, kuma birkin da ke da iska ba ya kamawa. "Yarinyar da za ta iya kallon tururuwa rabin yini," in ji shi, "ita ce za ta iya kallon kumfa."

Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Ƙarƙashin motar akwai sanyi da duhu kaɗan, rana tana ratsowa ta tsakanin katakan bodi ta sauka daidai kan kwalbata. Man yana da launin zuma marar kauri. Idan Baba Tsoho ya murɗa notin sai kumfa ta taho a jere ta cikin tiyo, manya a gaba ƙanana a baya, kamar 'yan makaranta sun fito tara, su hau sama suna juyawa da launin bakan gizo su fashe. Daga sama muna jin ƙarar fedal da nishin Malam Ishaya, da mitarsa cewa ƙafarsa ba ta haya ba ce. Baba Tsoho ya ce "Taka," ya ce "Riƙe," ya kwance, ya ɗaure, ya ce "Saki," sannan ya juyo ya tambaye ni, "Amarya, da saura?" In ce da saura. A sake. Can sai man ya taho sumul ba ko ɗigon kumfa, in yi ihu in ce ta ƙare, shi kuma ya ɗaure notin tamau mu ja buhunmu zuwa taya ta gaba. Ko sau ɗaya bai karɓi kwalbar ya duba da kansa ba. Abin da na faɗa shi ne magana, kuma wannan ya sa na ji kaina ya yi girma har yana neman taɓa cikin motar.

Mun gama taya uku, muna kan ta huɗu, sai na ji kiɗan gwangwani daga zauren su Zulai ƙawata. Ranar ce muka sa bikin 'yar tsanarta, wadda muka yi da karan dawa muka yi mata kitso da zare, kuma ni ce uwar amarya. Mun yi mako muna tara ƙyallaye da murafan kwalba na kayan ɗaki. Na ji sun fara guɗa ba ni. Na kalli kwalba, kumfa tana nan tana fitowa, 'yan ƙanana sosai kamar ƙwayar gero, jefi-jefi. Na ce a raina waɗannan ai ba su kai a kira su kumfa ba. Baba Tsoho ya ce, "Amarya, da saura?" Na ce, "Ta ƙare." Ya ɗaure notin, ya ce Allah ya yi mini albarka, na fita a guje ko ƙurar jikina ban kakkaɓe ba.

Bayan la'asar aka yi gwaji. Babanmu ya fito, maƙwabta suka fito, masu ɗinkin hannu da ke zama a gindin rimi suka ajiye allura. Baba Tsoho ya ce wa Malam Ishaya ya hau, wai shi yau mai mota ne, mai mota kuwa ba ya tuƙi. Aka mayar da waigi 'yan taku kaɗan a gaba don tsaro, aka kori yara gefe, injin ya tashi. Dattijuwa ta motsa, karo na farko a rayuwata, katakanta suna kuka. Malam Ishaya ya taka birki. Ta rage gudu kamar mai shawara, ta karkata hagu, ba ta tsaya ba. A hankali, cikin natsuwa irin ta tsofaffi, ta je ta sa hanci a randar da Iya take cikawa kullum a ƙofar gida don masu wucewa su sha. Randar ta yi wata ƙara ta rabe biyu, ruwa ya malale, sannan tayar ta ci karo da waigi ta tsaya. Yara suka fashe da dariya, Iya ta leƙo daga zaure tana salati tana tambayar wa zai biya ta randar da ta girmi Babanmu. Malam Ishaya ya sauko ya ce fedal ɗin laushi gare shi kamar an taka burodi.

Babanmu ya matsa kusa da mahaifinsa ya ce a hankali, "Baba, a yi haƙuri haka nan. An yi ƙoƙari." Na zaci Baba Tsoho zai yi gardama. Sai kawai ya zauna a kan dakali, ya buɗe tafin hannuwansa a kan gwiwa, ya ce, "Ba laifinta ba ne. Hannun ne ya tsufa. Wani wuri na ɗaura roba ba daidai ba, ban kuwa san ko ina ne ba." Ya ce wa Babanmu ya aika wa mutanensa su zo jibi.

Na shiga gida na zauna a bayan rumbu, alewar bikin 'yar tsana tana hannuna ta narke. Ban san komai game da roba ba, amma na san abin da na gani a kwalba. Na yi ta lissafin dukan da zan sha, da yadda za a riƙa ba da labarina a unguwa, yarinyar da ta fasa randa da ƙarya. Sai kuma na tuna yadda ɗan gwangwan nan ya nuna wuyan motar da guntun ƙarfensa. Kafin a kira magariba na fito. Yana nan inda na bar shi, Malam Ishaya yana ɗaure kayansa a bayan keke. Na durƙusa na ce, "Baba Tsoho, da saura." Bai gane ba. Na ce, "Kumfar. A taya ta huɗu. Ba ta ƙare ba na ce ta ƙare." Kuka ya ƙwace mini.

Na ɗago kai na dubi Baba Tsoho. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti sai hawaye. "Mai Jiniya, sauke kayan nan! Iska ce! Ashe iska ce kawai!" Ya laluba ya kamo kunnena ya ɗan ja, ba da zafi ba. "Amarya, kin kusa sa a yanka mini tsohuwa saboda 'yar tsana. Gobe ko ƙwayar gero kika gani, ki faɗa." Malam Ishaya ya ce shi dai ƙafarsa ce za ta sake biyan bashin wannan soyayya, kuma gobe bayan coci sai an haɗa masa da fura.

Washegari da rana muka koma ƙarƙashin motar, muka sake bin tayoyin huɗu tun daga farko. A ta huɗun sai da aka taka sau goma sha wani abu. Zulai ta zo ta kira ni, ko juyawa ban yi ba. Na ga kumfa ta ƙarshe, 'yar mitsitsiya, ta taho ita kaɗai kamar wadda aka manta a makaranta, ta hau ta fashe. Na bari aka ƙara takawa sau uku kafin na buɗe baki. Da aka yi gwaji, Dattijuwa ta taho, Malam Ishaya ya taka, ta tsaya cak har bodinta ya yi gaba ya dawo, ƙura ta tashi. Aka sake, ta sake tsayawa. Masu ɗinki suka yi tafi. Babanmu ya cire hularsa ya mayar, ya kewaya motar sau ɗaya, sannan ya ce to a kawo shebur a fara loda taki.

Ranar da muka tafi ƙauye an sa ni a gaba, tsakanin tsofaffin biyu, ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Muka sauka gangaren lungunmu a hankali, muka tsaya a bakin kududdufi don kawai a nuna wa yara cewa za mu iya, muka bi ta ƙofar gari muka bar ganuwa a baya. Dutsen Kufena yana can yana bin mu ta taga. Warin taki yana shigowa, iska tana kaɗa ɗankwalina, Malam Ishaya yana danna oda ga duk wanda ya sani da wanda bai sani ba. Baba Tsoho ya jingina kai, ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen gaban motar, yana gaya wa abokinsa lokacin canja giya tun kafin injin ya nema. Kowane lokaci aka taka birki sai ya ce, "Kin ji, Amarya? Aikinki ne."

Dattijuwa ta yi shekaru tana kai taki tana dawo da dawa da masara a hannun Kawu Habu. Yanzu tana ƙarƙashin mangwaro a ƙauye, kaji sun karɓi kujerar direba kamar da. A ƙofar gidanmu inda ta zauna an yi shago mai ƙofar ƙarfe, an sare rimin, yaran lungun kuma ba su san an taɓa yin randa a wurin ba. Motocin da nake shiga yanzu idan sun lalace na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu, ba mai kwanciya a kan buhu ya tambayi yarinya abin da ta gani.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a Baba Tsoho ya rasu. Bayan an share makoki na je Wusasa gaishe da Malam Ishaya, wanda tsufa ya hana shi hawa keke. Muna hira na tuna masa randar Iya, muka yi dariya, na ce har yau ina mamakin yadda kakana ya yarda da maganar 'yar shekara tara bai ko duba kwalbar ba. Malam Ishaya ya daina dariya. Ya ce watanni kafin wannan bazarar shi da kansa ya raka shi wurin likitan ido, aka gaya musu ciwon ba irin wanda ake cirewa ba ne. Lokacin da muke gyaran nan, in ji shi, kakana ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Daga shi Malam Ishaya sai Iya suka sani. Da yatsa kakana ya kwance birkin nan, da yatsa ya mayar, yana sane ba zai sake riƙe sitiyarinta ba.

Na dawo gida ina tuna farantin notuna da aka jera daga hagu zuwa dama, da lambobin da ake miƙo mini in karanta. Shekara goma sha uku ina zaton alfarma ya yi mini da ya ba ni kwalbar nan. Ashe ni ce idonsa.